Inokis a cikin wuta: tsakanin 304, 316, 321, 347 da 310, wanne ke ɗaukar kaya bai saki jiki ba?

Wanda ya taɓa mantawa da kyandir a bakin taga cikin bazarar Damagaram ya san abin. Ba a kunna shi ba, bai kuma narke ba, amma bayan kwana biyu sai a tarar ya sunkuya kamar mai ruku'u. Nauyin kansa ne, da zafi, da lokaci. Ƙarfe ma yana yin haka, sai dai zafin da yake bukata ya wuce na watan Afirilu nesa ba kusa ba. A takardun Faransanci da ke zuwa da kaya ana rubuta masa fluage. Mu a nan za mu ce sakin jiki: ƙarfe na ɗauke da kayan da bai kai rabin ƙarfinsa ba, amma saboda yana zaune cikin wuta wata da watanni, sai ya riƙa miƙewa kaɗan-kaɗan, ya lanƙwashe, daga ƙarshe ya tsage.

Yawancin masu sayen ƙarfe marar tsatsa, wanda muka fi sani da inokis, tambaya ɗaya suke yi: zai yi tsatsa ko ba zai yi ba? A cikin wuta tambayoyin biyu ne, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Akwai jure cin wuta, wato kar fatar ƙarfen ta yi ɓawo ta zube. Akwai kuma jure sakin jiki. Sinadarin da ke maganin na farko sau da yawa ba ya taɓuka komai a na biyu. Nan ne kuɗi ke salwanta.

A fara da auna zafin

Kafin a yi maganar lamba, wato su 304 da 316 da ake kiran nau'o'in inokis da su, a san zafin da ƙarfen kansa yake kaiwa, ba zafin abin da ake gasawa ba. Cikin tandar burodi digiri 220 zuwa 250 ne a ma'aunin Salsiyos. A nan babu wani sakin jiki, ko baƙin ƙarfe na yau da kullum ya wadatar, inokis don tsabta ne kawai. Amma farantin da ke tsakanin harshen wuta da ɗakin burodin, da sandunan da itace ko gawayi ke ci a kansu, da gindin gangar soya gyaɗa da ke fuskantar wuta kai tsaye, waɗannan labarinsu daban ne. Salansar babban janareta na dizal kan kai 400 zuwa 550. Tandar ƙona sharar asibiti ana so ta haura 800.

Baƙin ƙarfe yana fara sakin jiki daga wajen digiri 400. Inokis irin su 304 sai an haura 550 abin ke zama abin lissafi. Ƙasa da haka duk bayanin da ke tafe bai shafe ka ba sosai, sayi abin da aljihu ya iya.

Idan babu ma'auni, launi na taimakawa a cikin duhu: jan da ido ke fara tsinkaya wajen 550 ne, ja mai duhu 650 zuwa 700, ja mai haske wajen 800, ruwan lemo 900 zuwa 950. Da rana tsaka ido na yaudara, ƙarfe kan kai 600 ba a ga ja ba. Bindigar auna zafi ma tana ƙarya a kan inokis mai ƙyalli, tana nuna ƙasa da gaskiya. Wayar auna zafi nau'in K, wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen, ita ce abin dogaro, kuma tana aiki har sama da 1,000.

Me ya sa ake wannan tsanani a kan awo? Dubi 304H, nau'in 304 da aka yi don wuta. Nauyin da zai tsinka shi cikin awa 100,000 a digiri 600, wato sama da shekara 11 wuta ba ta mutu ba, kusan MPa 89 ne. Nauyin da zai tsinka shi cikin awa 10,000 a digiri 650 kusan MPa 87 ne. Kaya ɗaya ke nan, amma ƙarin digiri 50 ya mayar da shekara goma sha ɗaya ta koma shekara ɗaya da kusan wata biyu. MPa 10 daidai yake da kusan kilo ɗaya a kan kowane milimita murabba'i na kaurin ƙarfen. A riƙe wannan, za a bukace shi.

Nikel: mai kama maganaɗisu da marar kamawa

Inokis gida biyu ne manya a kasuwarmu. Akwai mai kama mayen ƙarfe, kamar 430, wanda ke da kurom kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari kuma kusan babu nikel. Akwai marar kamawa, dangin 300, mai nikel daga kashi 8 zuwa sama. Nikel na canza yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa a cikin ƙarfen, su matsu da juna sosai. Sakin jiki kuwa tafiya ce ta waɗannan ƙwayoyin, ɗaya bayan ɗaya, daga gurbi zuwa gurbi. Inda jeri ya matse tafiyar na wuya.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Inokis mai kama maganaɗisu, ko da irin wanda aka yi don wuta ne, ƙarfinsa na awa 100,000 kusan MPa 20 ne a digiri 600, ya faɗo zuwa 5 a 700. 304H na da 89 da 28 a waɗannan wuraren. Saboda haka 430 ya dace da rufi, da murfi, da bututun hayaƙi da ba ya ɗauke da komai. Ba ya dacewa da sandar da za a aza wa kaya. Yana da wani aibi kuma: idan ya daɗe a wajen digiri 475 yakan yi gautsi. Wannan aibin ne ya sa inokis mai suna dufleks, irin 2205, duk da ƙarfinsa da tsadarsa, ba a yarda a yi aiki da shi sama da digiri 300 da ƴan kai. Wanda ya samu guntunsa a wajen ƴan gwangwan ya sa a murhu ya yi asarar ƙarfe mai kyau.

Sai 201, wanda ya cika kasuwa a kwanuka da ƙyamaren gida. An rage masa nikel an cike da manganis, ba ya kama maganaɗisu, ido ba ya raba shi da 304. Ba don wuta aka yi shi ba, yana saurin yin ɓawo, kar a lissafa shi cikin wannan gasar.

Harafin da ke bayan lamba

A ganina nan ne aka fi tafka kuskure, kuma masu ilimin ma suna faɗawa. An saba jin cewa 304L ya fi 304, 316L ya fi 316, domin L na nufin an rage kabon zuwa ƙasa da kashi 0.03, walda ba ta jawo masa tsatsa. Gaskiya ne a tankin ruwa, ko na nono, ko na man gyaɗa. A cikin wuta abin ya juye. Kabon ɗin da aka cire shi ne ginshiƙin. A zafi, kabon na haɗuwa da kurom ya fitar da ƴan ƙananan tsakuwoyi masu tauri a cikin ƙarfen, su kuma suna tare layukan da ƙarfe ke zamewa a kansu, kamar yadda ake sa dutse a bayan tayar mota a gangare. Cire kabon, ka ɗauke duwatsun.

Shi ya sa aka yi nau'in H. 304H na da kabon tsakanin 0.04 da 0.10, kurom 18 zuwa 20, nikel 8 zuwa 10.5. Ba kabon kaɗai ba: ana gasa shi a masana'anta a digiri 1,040 ko sama, don ƙwayoyin cikinsa, wato dunƙule-dunƙulen zarra da suka haɗu suka yi ƙarfen, su yi girma, su kai girman lamba 7 a ma'aunin ASTM na Amurka ko su fi haka girma. Wannan ma ya saɓa wa abin da aka sani a sanyi, inda ƙananan ƙwayoyi suka fi ƙarfi. A zafi, iyakokin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya su ne wurin rauni: nan ake zamewa, nan ƙananan ramuka ke buɗewa su haɗe su zama tsaga. Manyan ƙwayoyi, iyakoki kaɗan. Ƙa'idar ASME ta Amurka, wadda ake gina tukwanen tururi da ita a ƙasashe da dama, ta ce ƙarfin da ta ba 304 sama da digiri 538 bai halatta a yi amfani da shi ba sai kabon ya kai 0.04.

Ga tarkon. Yawancin farantin da ake sayarwa yanzu an buga masa 304/304L, lamba biyu a haɗe. Ma'anarsa kabon ɗinsa bai wuce 0.03 ba, ƙarfinsa a sanyi kuma ya kai na 304. Ba H ba ne, ko kusa. A lambobin Turai, waɗanda suka fi zuwa mana ta Kwatano da Lome, 304 shi ne 1.4301, 304L shi ne 1.4307, 304H kuwa 1.4948.

Naitorojin, wanda a makarantunmu ake ce wa azot, na iya maye gurbin wani ɓangare na kabon. 304LN da 316LN na da kabon kaɗan amma naitorojin 0.10 zuwa 0.16, sun fi L zalla ƙarfi a zafi. Samunsu a nan kusa ne wuya.

316H: ƙarin moli

316 shi ne 304 da aka ƙara wa molibdenom, moli a taƙaice, kashi 2 zuwa 3, nikel kuma 10 zuwa 14. Ƙwayar zarrar moli ta fi ta ƙarfe girma, tana zama a cikin jerin ta takura shi, zamewa ta yi wuya. Don haka 316H ya fi 304H jure sakin jiki tsakanin 550 da 700, kuma ƙarin na gaske ne. Amma 316L, wanda shi aka fi samu, ya ba da kabon ya karɓi moli. Kar a biya kuɗinsa da sunan ƙarfen wuta.

Sama da 750 moli ya fara zama kaya. Yana gaggauta fitowar sigma, wadda za mu zo kanta, kuma tsatsarsa na narkewa a digiri 795. A lungun da iska ba ta yawo, ƙarƙashin toka ko bayan bulo, tana iya cinye ƙarfen da saurin da ba a zata ba. A tandar shara 316 bai fi 304 da komai ba, wani lokaci ma ya fi shi muni.

321 da 347: masu ɗaure kabon

Kabon mai ba da ƙarfi yana da nasa sharrin. Tsakanin digiri 425 da 850 yana jan kurom zuwa iyakokin ƙwayoyi, gefen iyakar ya talauce da kurom. Muddin wuta na ci kuma wurin a bushe yake, ba a ganin illa. Ranar da aka kashe wuta, raɓa ko ruwa mai tsami ya sauka, sai tsatsa ta bi iyakokin kamar gara a azara, ƙarfen na ƙyalli a waje ciki kuwa ya rube.

Maganin shi ne a sa wani sinadari da ya fi kurom son kabon. A 321 titaniyom ne, aƙalla ninki biyar na kabon da naitorojin a haɗe, kar ya wuce 0.70. A 347 niyobiyom ne, aƙalla ninki goma na kabon, har zuwa kashi 1. Tsofaffin takardun Amurka na rubuta masa Cb, kolumbiyom, sunan da ya yi tarayya da kolumbait da ake haƙowa tare da kuza a Jos. Tsakuwoyin da waɗannan biyun ke yi da kabon ƙanana ne ƙwarai kuma ba sa saurin girma, don haka suna taimaka wa ƙarfi ma.

Matatun mai ne gidan waɗannan biyun. Matasan Damagaram da ke koyon waldar bututu da fatan aiki a irin matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ya kamata su san dalili. Ɗanyen mai na ɗauke da farar wuta, tana barin ɓawo a cikin bututu. Idan aka tsayar da aiki aka buɗe, iska da laima suka taɓa ɓawon, sai ya zama wani ruwa mai tsami da ke tsaga bututun 304H ta waɗancan iyakokin cikin ƙanƙanin lokaci. Shi ya sa ake zaɓen 321 ko 347 a irin wuraren, kuma duk da haka a wanke da ruwan soda kafin iska ta shiga. Sodar masana'anta ce mai tsabta. Kanwar kasuwa ƴar'uwarta ce amma tana da gishiri, gishiri kuwa na tsaga inokis mai zafi.

Tsakaninsu wa ya fi? A ƙarfin zafi 347H ne gaba. 321 na yau da kullum, 1.4541, mutane na ɗaukarsa sarkin wuta saboda ana yin salansa da shi, amma a sakin jiki bai fi 304H ba; ko nau'insa na wuta, 1.4878, kusan MPa 65 yake da shi a digiri 600, inda 304H ke da 89. Abin da ake saye a 321 kariya ce daga tsatsar bayan wuta. Idan wurinka a bushe yake, itace ko gas kake ƙonawa, babu ruwa babu tsami, 304H ya fi shi riba.

347H kuma yana da hali. A kauri mai yawa, gefen walda kan tsage bayan an fara aiki tsakanin 550 da 750, domin cikin ƙwayoyin ya yi tauri ya ƙi ba da kai, duk damuwar da walda ta bari sai ta taru a iyakoki. Manyan kamfanoni na gasa waldar a wajen digiri 900 don kauce wa haka. Shagon da ba shi da tandar yin wannan ya yi hattara da 347H mai kauri.

310 da ƴan'uwansa

Ka shiga wajen mai sayar da ƙarfe ka ce, "Alhaji, ina son wanda ke jure wuta," idan yana da 310 shi zai nuna maka, ya ce, "Malam, wannan ko wutar maƙera ba ta yi masa komai." Bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. 310S, nau'in 310 da aka rage wa kabon, na da kurom 24 zuwa 26, nikel 19 zuwa 22. Wannan kurom ɗin na sa fatarsa ta jure iska mai zafi har wajen 1,100, inda 304 ke fara zubar da ɓawo daga 870 zuwa 900. Amma kurom ba ya ɗaukar kaya. Ƙarfin 310S na awa 100,000 kusan MPa 80 ne a 600, 18 a 700, 7 a 800, 3 a 900. Dubi na 700 da kyau: 18, alhali 304H mai arha na da 28. Wanda ya biya kuɗin nikel kashi 20 don sandar da ke aiki a 650 ko 700 ya sayi tsada, ya kuma samu wadda za ta riga lanƙwashewa.

Ga kuma sigma. Tsakanin digiri 600 da 900, ƙarfe mai kurom da yawa na fitar da wani abu mai tauri da gautsi a cikinsa, moli da silikon na ƙara masa gudu. Yana zuƙe kurom da moli daga jikin ƙarfen, kuma idan aka huce, abin da da yake lanƙwasuwa sai ya koma kamar kasko. Sandar 310 da ta shekara biyu a tanda, ta ɗan karkace, yaron shago ya ɗora ta a maƙera ya kai mata guduma don ya miƙar: sau ɗaya, ta rabe biyu, bakin karayar na ƙyalƙyali kamar gishiri. Ba jabu ba ce, sigma ce. Wurin 310 shi ne sama da 900, ko inda cin wuta ne matsalar ba nauyi ba. 309, mai kurom 22 zuwa 24 da nikel 12 zuwa 15, na tsakiya ne, ya fi arha, kuma shi ma sigma na kama shi.

Wanda ya haɗa biyun, jure cin wuta da jure sakin jiki, shi ne 253 MA, lambarsa 1.4835, ƙirar Suwidin. Kurom 21, nikel 11 kawai, amma an sa masa naitorojin kusan 0.17 da kabon kusan 0.09 don ƙarfi, silikon kusan 1.6 da ɗigon seriyom don ɓawon ya manne. Ƙarfinsa kusan MPa 35 ne a 700, 15 a 800, 8 a 900: kusan ninki biyu na 310S ko fiye, da rabin nikel. Manne ɓawon na da muhimmanci a wajenmu, domin tandunanmu ba sa kwana da wuta. A hura da asuba a kashe da yamma, kowane hucewa na fasa ɓawo ya zubar, gobe wuta ta ci sabuwar fata. Matsalarsa ɗaya, sai an yi oda. Idan aikin babba ne, kamar tandar shara, odar ta cancanta.

Sama da nan akwai 800H mai nikel 30 zuwa 35, da bututun manyan tashoshin lantarki irin Super 304H da aka sa wa jan ƙarfe kusan kashi 3 da niyobiyom. Ba kayan kasuwar Dole ta Damagaram ba ne. Abu ɗaya dai a sani: yawan nikel ba alheri ba ne inda ake ƙona baƙin mai na mota ko taya da iska kaɗan. Farar wuta na haɗuwa da nikel su narke tun a wajen digiri 640. Masu zuba tukwanen alminiyam kuma kar su wahalar da kansu da kaskon narki na inokis kowane iri. Narkakken alminiyam na cinye shi kamar sukari a shayi.

Lissafi ɗaya da ya fi canza lamba

A ɗauki sanda mai faɗin milimita 40 da kauri 6, tsawon mita ɗaya tsakanin madogara biyu, an aza mata kilo 30 a tsakiya, tana aiki a digiri 700. Idan aka kwantar da ita a kan faɗinta, nauyin da ke cikinta ya haura MPa 300; ko a sanyi ta lanƙwashe, domin 304 na fara ba da kai a wajen 205. Aka tsayar da ita a kan gefenta, ya sauko zuwa 47. A sanyi wannan wasa ne. A 700 ya fi ƙarfin 310S, ya fi na 304H, ya fi ma na 253 MA. Babu lambar da za ta cece ta.

Yanzu a gina ɗan ginshiƙin bulon wuta a tsakiya, tazarar ta rabu gida biyu, kowace rabin mita, kowace da kilo 15. Nauyin ya faɗo zuwa MPa 12. Al'adar injiniyoyi ita ce kar a wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfin awa 100,000. Na 304H ya zama wajen 19, ya wuce da sauran numfashi. Na 310S 12, yana bakin gaɓa. 430 bai shiga ba. Bulo huɗu sun yi abin da ƙarin kuɗin ƙarfe ya kasa. Wannan lissafin na sanduna da tire ne. Duk abin da ke riƙe tururi ko gas a matse, kamar tukunyar tururi, ba aikin ƙiyasi ba ne, sai injiniya da littafin ƙa'ida, domin shi ba lanƙwashewa yake ba, fashewa yake.

Walda da hawa

Ƙarfe mai kyau da baget, wato sandar walda, marar dacewa, waldar ce za ta fara tafiya. 304H na son 308H. 308L da ke ko'ina na da raunin L ɗin nan. 321 da 347 duka da sandar 347 ake yi musu, domin titaniyom na ƙonewa a cikin wutar walda bai isa cikin ɗinkin ba. 310 da sandar 310, a ƙananan ɗinki, wuta ƙasa-ƙasa, don yana tsagewa tun yana hucewa idan aka cika masa zafi. Haɗa inokis da baƙin ƙarfe kuwa 309 ne. A bar ɗinki ya huce ƙasa da digiri 150 kafin a sake bi. Masu aiki da wayar walda mai hoda a ciki su duba kwalin: wasu na da bismut don dattin ya ɓare da sauƙi, kuma bismut na tsaga ɗinki a aikin da ya haura 550.

Tutiya maƙiyiya ce. Wayar ɗauri mai farin shafe, guntun kwanon rufi, fenti mai tutiya, idan suka taɓa inokis mai ja ko wurin walda, tutiyar na narkewa ta kutsa iyakokin ƙwayoyi ta tsaga shi nan take. A goge ta tas, da faifan gurza da bai taɓa baƙin ƙarfe ba.

Sai wurin miƙewa. Sandar 304 ko 310 mai mita ɗaya na ƙaruwa da kusan milimita 13 idan ta kai 700, fiye da baƙin ƙarfe, kuma ba ta watsa zafi sai kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda shi ke yi. Wanda ya walde bakinta biyu a jikin firam ya hana ta wurin zuwa, za ta yi baka tun makon farko, a ce ƙarfen ne ba shi da kyau. A kafe gefe ɗaya, ɗayan a yi masa dogon rami ko a bar shi kwance a kan madogara. Lanƙwasa mai tsanani a sanyi ma na rage kwanan ƙarfe a wuta. Inda za a iya, a yi kwana mai faɗi.

Wajen saye

Maganaɗisu na raba 430 da sauran, shi ke nan aikinsa. Ba ya raba 201, 304, 316, 321 da 310, kuma 304 da aka lanƙwasa kan ɗan kama shi. Na'urar hannu da ke karanta sinadarai da haske na nuna kurom, nikel, moli, titaniyom da niyobiyom, amma irin da aka fi yawo da ita ba ta ganin kabon, don haka ba ta san L da H ba. Abin da ya rage takarda ce: shaidar masana'anta nau'in 3.1, mai lambar narki da ta yi daidai da wadda aka buga a jikin farantin. A duba layin C, wato kabon. Ko daga Kano kayan suka zo ko daga bakin teku, idan lambar jikin ƙarfe da ta takarda ba su haɗu ba, takardar ta wani ƙarfen ce. In babu takarda sam, a ɗauka L ne, a ƙara kauri, a rage tazara.

Bayan an hau, sakin jiki na tafiya mataki uku: da sauri a farkon kwanaki, sai dogon lokaci a hankali daidai wa daida, sai ya sake ɗaukar gudu gab da karyewa. Ranar da aka kashe wuta, a ja zare daga bakin sanda zuwa bakinta, a auna ramin tsakiya da ruler, a rubuta a bango da kwanan wata. Milimita ɗaya kowane wata uku, ana cikin mataki na biyu, sandar da ba a walde ba ma ana iya juya ta. Ranar da awon wata ɗaya ya kai na wata ukun baya, ko aka ga ƙananan tsagogi a gicciye a ƙasan sandar kusa da tsakiya, a cire ta kafin hurin wuta na gaba.